Tafinta Tsakanin Lantarki da Kunne: Tarken Wasu Ayyukan Fasahar Sauti

1.0 Gabatarwa

Tarken adabi da na fasaha a harsunanmu ya saba da abin da ke da baki: waƙa, tatsuniya, wasan kwaikwayo, kiɗan fada da na sana'a. A duk waɗannan akwai mai faɗa, akwai abin da ya faɗa, akwai kuma wanda aka faɗa wa. Wannan maƙala za ta leƙa wani reshe na fasahar zamani wanda ya yi ƙarfi a Turai da Amurka tun daga shekarun 1960. Masu wannan fasaha suna da'awar cewa suna jiyar da mutum abin da kunnensa ba ya iya kamawa, wato igiyoyin lantarki da maganaɗisu waɗanda ke kewaye da mu dare da rana, daga walƙiya, daga wayoyin wuta, daga na'urorin sadarwa, har ma daga ƙwaƙwalwar mutum kansa. Za a fi mayar da hankali kan ayyukan mutum biyu, Alvin Lucier Ba'amurke da Christina Kubisch Bajamushiya.

Ra'ayin da maƙalar ke son kafawa shi ne, kalmar jiyarwa ta yi wa wannan aiki yawa. Abin da ke faruwa a cikinsa fassara ce, na'ura kuwa ita ce tafinta. In haka ne, ma'aunin da muke auna kowane mai fassara da shi ya hau kan waɗannan ayyuka: me tafintan ya riƙe, me ya zubar, me ya ƙara daga cikinsa, kuma shin ya tsaya a fili ana ganinsa ko ya ɓuya bayan labule. Dalilin shigowar batun cikin mujallar nazarin harsuna ke nan.

2.0 Abin da Ake Fassarawa

Sauti motsin iska ne. Abu ya girgiza, iskar da ke jikinsa ta matse ta saki, motsin ya isa dodon kunne. Kunnen matashi mai lafiya yana kama girgizar da ta kama daga kaɗawa 20 zuwa kimanin 20,000 a daƙiƙa guda. Igiyar lantarki da maganaɗisu ba ta cikin wannan jinsi ko kaɗan. Ba ta buƙatar iska, tana ratsa sararin da babu kome a cikinsa da gudun haske, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa. Ido yana kama wani ɗan siririn yanki nata, shi ne muke kira haske. Kunne kuwa ba ya da rabo a cikinta.

Gadar da ta haɗa biyun ta fito ne daga binciken Michael Faraday na 1831. Ya nuna cewa idan ƙarfin maganaɗisu yana canzawa kusa da naɗin waya, to lantarki zai gudana a cikin wayar, yana hawa da sauka daidai da canzawar. A haɗa wannan naɗi da na'urar ƙara ƙarfi, a haɗa ta da lasifika, sai fatar lasifikar ta riƙa kaiwa da komowa bisa wannan hawa da sauka, iska ta motsa, kunne ya ji. To a nan ne aka sami wani dace wanda duk wannan fasaha ta dogara a kansa. Wasu igiyoyin suna kaɗawa ne da yawan da ya faɗo cikin iyakar da kunne ke kamawa. Wutar gidaje a Nijeriya da Turai tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, a Amurka sau 60. Irin waɗannan ba sa buƙatar a taɓa su: kaɗawa 50 ta lantarki ta zama kaɗawa 50 ta iska. Da harshen masu nazarin fassara sai mu ce wannan ita ce fassarar kalma da kalma. Wasu igiyoyin kuwa suna kaɗawa sau dubban ɗaruruwa ko miliyoyi, kuma ba yadda za a yi su shiga kunne sai an sauko da su, an rage saurinsu, ko an tsamo wani fasali nasu an bar saura. Wannan ita ce fassara mai 'yanci, kuma 'yancin nan shi ne ƙofar da ƙari ke shigowa ta cikinta.

Ba masu fasaha ne suka fara sauraren waɗannan abubuwa ba. Thomas Watson, mataimakin Alexander Graham Bell, ya riƙa zama da dare a birnin Boston a 1876 yana kasa kunne ga wayar tarhon da suke gwaji da ita, yana jin wasu ƙananan ƙararraki alhali babu mai magana a ɗaya ƙarshen. Doguwar wayar ta zama eriya ba da nufin kowa ba, shekaru goma kafin Heinrich Hertz ya tabbatar da samuwar igiyoyin rediyo a ɗakin gwaji. Douglas Kahn ya bi diddigin wannan tarihi a littafinsa Earth Sound Earth Signal na 2013. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma, Heinrich Barkhausen yana satar sauraren tarhon abokan gaba a fagen daga sai ya riƙa jin wani fito mai saukowa daga sama zuwa ƙasa, ya buga bayaninsa a 1919. Sai a 1953 L. R. O. Storey ya warware asalinsa a Kambirij: walƙiya ce. Wani ɓangare na ƙarfinta yana bin layukan maganaɗisun duniya ya fita can nesa cikin sarari ya dawo a ɗaya rabin duniyar. A kan hanya kaɗawa mai sauri tana riga mai nauyi isowa, don haka abin da ya tashi a matsayin ƙyas guda ɗaya sai ya iso a miƙe, ya zama fito.

Duk wanda ya taɓa kama tasha a gajeren zango ko matsakaicin zango da damina ya san ɗan'uwan wannan sauti. Hadari yana can nesa, ba a ma jin cidarsa, amma akwatin rediyo yana ta tartsatsi yana cinye maganar mai karanta labarai. Mai sauraro yana juya eriya yana tsaki. Abin da yake ƙoƙarin kawarwa shi ne abin da Lucier ya hau dutse nema.

3.0 Alvin Lucier: Tafinta a Bainar Jama'a

An haifi Lucier a 1931, ya rasu a 2021, ya kuma shafe mafi yawan rayuwarsa ta aiki yana koyarwa a Jami'ar Wesleyan. Aikinsa na farko a wannan fage shi ne Music for Solo Performer na 1965, wanda ya samo hanyarsa daga wani masanin kimiyya mai suna Edmond Dewan. Ana manna wayoyi a fatar kan mai wasa, ya zauna a kujera gaban jama'a, ya rufe ido. Idan hankalinsa ya kwanta ƙwaƙwalwarsa tana fitar da wani bugun lantarki mai kaɗawa wajen sau 10 a daƙiƙa. Wannan bai kai iyakar ji ba. Maimakon Lucier ya ɗaga shi zuwa inda kunne zai kama, sai ya ƙara masa ƙarfi kawai ya tura shi cikin lasifikoki da aka jingina da ganguna da kuge da sauran kayan bugawa. Lasifika ta motsa, ganga ta amsa. Da mai wasan ya buɗe ido ko ya shiga tunani, bugun ya yanke, ɗakin ya yi tsit. John Cage ne ya taimaka wajen sarrafa na'urorin a ranar da aka fara gabatar da shi a Jami'ar Brandeis.

Abin da ya kamata matarki ya lura da shi a nan shi ne, babu wanda ya fita daga wannan zaure yana zaton ya ji muryar ƙwaƙwalwa. Ganga ya ji, kuma ya ga wayar da ta taso daga kan mutum zuwa gangar. Kowane mataki na fassarar yana shimfiɗe a gabansa. Har wa yau akwai wani abu mai jan hankali a tsarin wasan: makaɗin da muka sani yana ƙara himma ne kiɗa ya ƙara zafi, wannan kuwa sai ya daina ƙoƙari sannan kiɗan ke tashi.

Aiki na biyu, Sferics, ya fi kusa da batunmu. A 1981 Lucier ya ɗauki eriyoyin da aka naɗa da hannu ya tafi tsaunukan jihar Kolorado, nesa da wayoyin wuta, domin dirin wutar gidaje yana danne kome. Ya yi ɗauka daga tsakar dare zuwa asuba, ya yanko gajerun guntaye ya jera su bisa tsarin lokacin da suka zo. Bai sa musu kiɗa ba, bai ɗaga su ba, bai sauke su ba. Mai sauraro yana jin tartsatsi kamar na busasshen kara a wuta, jefi-jefi wani ɗan sauti mai kaifi ya gilma, can kuma fito ya sauko. A ganina wannan shi ne aiki mafi amana a duk fagen, kuma amanar ce ta sa ya yi wa mutane da yawa wuyar saurare. Ba ya da farko na musamman, ba ya da ƙololuwa, ba ya lallashin kowa. Duk da haka hannun mai fassara bai ɓace ba. Dare guda na sa'o'i ya koma 'yan mintoci, kuma wanda ya yanka shi ya zaɓi abin da zai bari. Dogayen lokutan da babu abin da ya faru, waɗanda su ma gaskiyar daren ne, sun tafi.

Yana da kyau a ambata cewa da a nan ƙasar aka kafa eriyar, da wani abu daban aka samu. Layin tsakiyar maganaɗisun duniya ya ratsa Nijeriya, fiton nan kuwa ya fi zuwa a yankunan da ke nesa da wannan layi. Tartsatsi dai za a same shi har a gaji, domin tsakiyar Afirka tana cikin wuraren da walƙiya ta fi yawa a duniya.

4.0 Christina Kubisch: Birni a Matsayin Matani

An haifi Kubisch a Bremen a 1948. Ta yi karatun zane da busa sarewa da tsara kiɗa, sannan ta shiga koyon lantarki a Milan ta ƙasar Italiya. A can ta lura cewa wata 'yar na'urar ƙara muryar tarho, mai naɗin waya a ciki, tana kama sautuka daga abubuwan lantarkin da ke kusa ba tare da an haɗa ta da su ba. Ayyukanta na farko sun ginu a kan haka: takan shimfiɗa wayoyi a bango ko tsakanin bishiyoyi, ta tura sautukan da ta tsara cikinsu, baƙo ya riƙa zagayawa da na'ura a kunne yana tsintar su. Wurin shiru yake ga wanda bai riƙe na'urar ba. Cikin shekarun 1990 sai wani diri da ba ita ta sa shi ba ya riƙa kutsowa cikin ayyukan, yana ƙaruwa yadda na'urorin lantarki ke ƙaruwa a birane. Da farko ta ɗauke shi a matsayin datti. Daga baya ta juya ta mai da shi jigon aikin.

Sakamakon shi ne jerin ayyukan da ta kira Electrical Walks, wato yawon lantarki, wanda aka fara gabatar wa jama'a a birnin Kolon a 2004, aka kuma maimaita a birane da dama na nahiyoyi daban-daban. Tsarinsa ba wuya. Ana ara wa mutum wata babbar na'urar sawa a kunne wadda aka gina naɗin jan ƙarfe a cikinta, a ba shi taswirar unguwa mai alamun wuraren da aka ba da shawarar ya tsaya, a sake shi. Ya matsa kusa da taransifoma ya ji diri mai nauyi. Ya tsaya gaban na'urar cirar kuɗi ya ji wani saƙaƙƙen bugu mai sauri. Fitilun talla suna da nasu amon, wayoyin jirgin ƙasa na cikin gari suna da nasu mai hawa da sauka yadda jirgin ke tashi da tsayawa. Ƙofofin hana sata da ake kafawa a bakin manyan kantuna suna cikin mafi ƙarfi, suna bugawa ba fashi. Birnin da wutarsa ke juyawa sau 60 yana da murya mafi tsayi kaɗan a kan mai sau 50, ƙasar Japan kuwa tana da duka biyun, gabashinta 50, yammacinta 60.

Ƙarfin wannan aiki, a nawa nazarin, yana cikin jikin mai yawon. Ƙarfin maganaɗisu yana raguwa da sauri in an ja da baya, kuma naɗin waya yana kama shi ne gwargwadon yadda ya fuskance shi. Saboda haka taki ɗaya gaba yana canza sautin, karkata kai kaɗan yana canza shi. Mutum yakan tsinci kansa yana sunkuyawa jikin bango, yana kai kunne ga allon talla, masu wucewa suna kallonsa kamar wanda ya zautu. A cikin 'yan mintoci ya gane cewa abin da yake ji yana da wuri, yana da iyaka, yana da gefen da ya fi kauri. Wannan ilmi ne da babu littafin kimiyyar da zai ba shi ta wannan hanya. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, yana nufin shaidar ido ta fi labari. A yawon Kubisch ido ne ke kawo labari maras cika: yana nuna bango lafiyayye, kunne kuwa yana shaida cewa akwai abin da ke gudana a cikinsa.

Sai dai taswirar tana buƙatar a tsaya a kanta. Mun san yadda kalangu ke magana. Makaɗi yana matsa tsarkiya yana saki, gangar tana bin hawa da saukar karin sautin jimla, amma babu baƙi babu wasali a cikinta. Wanda ya riga ya san taken shi ke jin kalmomin, baƙo kuwa kiɗa kawai yake ji. Taswirar Kubisch tana yin aikin sanin take. Ita ke gaya wa mai yawo cewa wannan bugun na ƙofar tsaro ne, wancan na kyamarar sa ido ne, daga nan sai ya ji tsaro, ya ji sa ido, har ya ji tsoro. A ɗauke taswirar, a rufe masa ido, da wuya ya bambanta na'urar da ke gadinsa da injin sanyaya lemo. Masu sharhi da dama sun yaba wa aikin a kan cewa yana tona asirin na'urorin da hukumomi da 'yan kasuwa ke kewaye mutane da su. Akwai gaskiya a ciki, amma rabin tonon taswira ce ta yi shi, wato rubutu, wato harshe. Bugu da ƙari Kubisch takan riga ta zagaya birnin ta zaɓo wuraren da suka fi daɗin ji. Tsakanin alama da alama akwai dogayen tituna da ba su da kome sai diri iri ɗaya.

Rauni na biyu ya fi bayyana a faifan da ta fitar a 2007 mai ɗauke da yawo biyar, inda ta harhaɗa abubuwan da ta ɗauko daga birane ta tsara su. Faifan yana da daɗi, wani wurin har ya yi kama da kiɗan rawa na zamani. Amma an cire ƙafa, an cire juya kai, an cire bangon da ake kai kunne gare shi. Abin da ya rage kiɗa ne wanda aka ce mana daga lantarki ya fito, kuma dole mu yarda da faɗar, domin na'urar haɗa sauti tana iya samar da irinsa. A nan ji ya koma ma'anarsa ta cikin karin maganar, ya zama labari.

Wani abin da aikin ya ɗauka a matsayin tabbas shi ne wuta ba ta yankewa. A garuruwanmu mai irin wannan yawo zai iya kasancewa tsakiyar sauraro dirin unguwa ya ɗauke gaba ɗaya, bayan ɗan lokaci ƙananan janareto su tashi ɗaya bayan ɗaya, kowanne da nasa saurin da bai tsaya daidai kan 50 ba. Taswirar da aka zana jiya ba lalle ta yi aiki yau ba.

5.0 Inda Tafinta ke Ƙari

Joyce Hinterding ta ƙasar Ostireliya, a aikinta Aeriology na 1995, ta naɗe ginshiƙan zauren nuni da kilomitocin siririyar wayar jan ƙarfe har ginin ya zama eriya. Ita ma, kamar Lucier, ta bar tafintan a fili, shi ne ma abin kallon. Akasin haka ana samunsa a sautukan sararin samaniya da ake yaɗawa. Kumbon Cassini na hukumar NASA ya ɗauko igiyoyin rediyon da duniyar Zuhal ke fitarwa. Don su shiga kunne sai da aka sauko da kaɗawarsu ninki 44, aka kuma matse mintoci 27 suka koma daƙiƙa 73. Masanan da suka yi aikin sun bayyana wannan dalla-dalla. Amma da sautin ya shiga hannun jama'a a intanet sai bayanin ya faɗi a hanya, ya rage kukan Zuhal mai ban tsoro. Da an sauko da shi da wani adadi daban, ko an matse lokacin da wani gwargwado, da tsoron ya ragu ko ya ƙaru. Yanayin da mai sauraro ya ɗauka na duniyar Zuhal ne, wani kaso nasa zaɓin ɗan'adam ne.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin kunne yana saurin yanke hukunci. Abin da ya yi ƙara mai muni sai a ɗauka mai cutarwa ne. Alhali ƙarfin sauti a na'urar Kubisch yana nuna abu ɗaya ne tak: yadda igiyar ta dace da naɗin wayar. Hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, wanda yawansa ke da haɗari na gaske, kaɗawarsa ta wuce abin da wannan naɗi zai kama nesa ba kusa ba. Haka nan igiyar da wayar hannu ke aika magana a kanta. Ɗan bugun nan da muka saba ji a lasifika ko rediyo gab da kira zai shigo, tun zuwan wayar GSM ƙasar nan a 2001, ba igiyar ba ce kanta. Wayar tana aika saƙonta ne a guntu-guntu, kimanin sau 217 a daƙiƙa, wannan yankewa da dawowa ita ce ke faɗowa cikin iyakar ji. A 2020 an ga abin da tsoron abin da ba a gani ke haifarwa, lokacin da jita-jita ta danganta fasahar 5G da annobar korona: an ƙona turakun sadarwa a Ingila, a nan kuma sai da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta fito ta ƙaryata zancen. Mai fasahar da ya sa wa jama'a ƙara mai firgitarwa a kunne ya ce ga abin da ke ratsa jikinku, bai kuma bayyana yadda na'urarsa ke zaɓe ba, ya ba irin wannan jita-jita abin kafa hujja ko da bai nufa ba.

6.0 Aikatau Ji da Matsayin Amsa-kama

Ɗalibanmu masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu sukan yi mamakin faɗin aikatau ji. Dubi waɗannan:

(1) Na ji ƙara.
(2) Na ji wari.
(3) Na ji sanyi.
(4) Na ji gishiri a miyar.
(5) Ina jin Hausa.

In ban da gani, duk sauran hanyoyin da jiki ke sanin duniya sun taru a kalma ɗaya, har da fahimta. Ian Ritchie ya yi nazarin wannan a 1991. Mamakin ɗaliban ba ya daɗewa, domin gbọ́ ta Yarabanci tana ɗaukar sauti da wari da fahimtar harshe, nụ ta Ibo ma tana ɗaukar sauti da wari. Wannan faɗi yana yi wa matarki amfani ta fuska biyu. Ta fuskar farko ya sauƙaƙa abin da ke ba masu sharhi da Ingilishi wahala, wato ko abin da ke faruwa a waɗannan ayyuka saurare ne ko taɓawa. Dirin kaɗawa 50 mai ƙarfi ana jinsa a kunne, ana jinsa a ƙirji, kalma ɗaya ta wadatar. Ta fuska ta biyu kuwa ya tsananta tambayar. Mai yawon Kubisch ya ji na'urar cirar kuɗi irin jin misali na (1). Bai ji ta irin jin misali na (5) ba. Bugun da ke shiga kunnensa yana da tsari, yana maimaituwa, yana kama da zance, amma ba ya iya fitar da ko lamba ɗaya daga cikinsa. Tafintan ya kawo masa karin sautin harshen ya bar ma'anar a baya.

Saura batun suna. Abin lura ne cewa masana kimiyyar da suka fara rarrabe waɗannan sautuka, duk da lissafinsu, sun koma ga kwaikwayon sauti da baki. Suka kira mai saukowa whistler, wato mai fito, suka kira wani hiss, wani tweek, wani kuma suka kamanta shi da kukan tsuntsaye da asuba. A Ingilishi irin waɗannan kalmomi 'yan rakiya ne. A Hausa da sauran harsunanmu kuwa amsa-kama babban aji ne mai dokokinsa: yana iya ƙarewa da baƙi inda yawancin kalmomin Hausa ke ƙarewa da wasali, yana amfani da ninki don nuna maimaituwa, yana jan wasali don nuna daɗewa, kuma karin sautinsa yana iya bin hawa ko saukar abin da ake siffantawa. Baƙaƙe irin ƙ da ts suna ba da kaifi, wasalin u mai karin ƙasa yana ba da nauyi, i mai karin sama yana ba da siranta. Wanda ya ce taransifoma tana yin zuu, rediyo yana ƙas-ƙas-ƙas, wani abu ya wuce fiii, ya ba da bayanin tsawon sautin da kaurinsa da yadda ya ƙare cikin gaɓa ɗaya ko uku. Wannan fassara ce ta biyu a kan ta na'ura, kuma tana da nata zaɓe da zubarwa, amma aƙalla kowa ya san bakin mutum ne ya yi ta.

Don amfanin masu rubutu a kan wannan fage ina ba da shawarar a riƙe kalmomin da harshen ya riga ya tanada maimakon aro. Diri ya dace da amon wutar gidaje. Tartsatsi ya dace da ƙararrakin walƙiya, tun da kalmar ta riga ta haɗa wuta da ƙara. Fito ya dace da sautin Barkhausen. Wanda ya ba ni wahala shi ne tweek, wato ƙyas ɗin walƙiya da ya yi tafiyar dubban kilomitoci da dare tsakanin doron ƙasa da rufin sama mai cajin lantarki, har ya sami ɗan wutsiya mai kaifi kamar an taɓa tsirkiyar ƙarfe. Siffar da baki ke fara kawowa ita ce tsit, ga baƙi mai kaifi, ga wasali siriri, ga rufewa nan take. Amma harshen ya riga ya ba tsit aikin nuna rashin sauti gaba ɗaya. Don haka na koma ga tsuwa, irin ta ɗan tsako ko ɓera, ko da yake tsuwa ta ɗan fi shi tsawo kuma tana sa a zaci mai rai ne ya yi ta.